Sabon Ibadan da layin dogo: daga kwal zuwa dizal, saura lantarki

A shekarar 1901 jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas. Bayan shekara goma layin dogo ya kai Kano, kuma daga 1912 fatake suka fara tashi daga Kano su sauka a Legas, ko da yake a Jebba sai an haye da taragu ta jirgin ruwa kafin a kammala gadar Kwara. A 1916 aka ware wa Hausawan Ibadan unguwa tasu kusa da Mokola, wadda ake kira Sabo har gobe. Hausawa sun riga jirgi zuwa ƙasar Yarbawa, amma jirgin ne ya yawaita su, ya kuma mayar da zangonsu babbar mahaɗar ciniki tsakanin Kudu da Arewa.

Goro da shanu ne suka gina Sabo. A da, goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga Gwanja yake fitowa, ayari ya yi wata da watanni a hanya da jakuna. Da dogo ya ratsa ƙasar Yarbawa, sai manoman Agege da Abekuta da Shagamu suka dukufa noman irin goron da Hausawa ke so, ana ɗaure shi huhu-huhu a loda a tarago, ya isa Arewa bai bushe ba. Shanu kuwa Kudu suke gangarowa. Wanda aka koro da ƙafa yakan yi makonni a hanya, ya ratsa dajin ƙudan tsando, ya iso a rame da sammore a jikinsa, dole a sayar da shi da gaggawa. Na jirgi cikin 'yan kwanaki yake isowa da ƙibarsa.

Wannan ciniki a kan amana ya tsaya. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, shi kuma ya tsaya kan a biya. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya bayyana tsarin dalla-dalla a littafinsa na 1969, har da yadda ɗarikar Tijjaniyya ta ƙara haɗa kan mutanen unguwar.

Kan jirgin wancan zamani da kwal da ruwa yake aiki. An gano kwal a yankin Udi a 1909, ma'adinan Inugu suka riƙa ciyar da jiragen ƙasar nan. Jirgi na tafe yana tsayawa shan ruwa, hayaƙi na baƙanta rigunan fasinja. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kuma daga wannan tsakanin ne injin dizal ya fara ture na kwal. To, a nan muka tsaya. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, gwamnati ta karkata ga tituna, reluwe ta shiga halin ni-'yasu, goro da shanu suka koma tirela.

Sauran duniya kuwa tun kafin jirgi ya iso Ibadan ta fara gwada wata hanya. A 1879 kamfanin Siemens ya nuna ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki a wani baje-koli a Berlin. A 1890 Landan ta buɗe layin ƙarƙashin ƙasa na lantarki, domin hayaƙi a cikin rami azaba ne. Suwizalan, da ba ta da kwal amma tana da ruwa mai gangarowa daga duwatsu, ta sha wahalar ƙarancin kwal a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ɗaura aniya, yau kusan dukkan layukanta na lantarki ne. Indiya, wadda Turawan Ingila suka shimfiɗa wa dogo kamar yadda suka yi mana, ta fara a Bombay a 1925, yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan layukanta sun koma lantarki. Japan ta buɗe layin lantarki na Shinkansen a 1964.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Afirka ta Kudu da Maroko sun fara tun shekarun 1920. Habasha da Jibuti sun ƙaddamar da layinsu mai tsawon kusan kilomita 750 a 2016. Maroko ta buɗe layin Al Boraq a 2018, mai gudun kilomita 320 a awa. Senegal ta buɗe nata layin lantarki a 2021, Tanzaniya ta haɗa Darussalam da Dodoma a 2024. Alhazanmu ma shaida ne, don jirgin Haramaini da ke tsakanin Makka da Madina tun 2018 da lantarki yake tafiya.

Me ya sa ƙasashe ke rububin abin? Injin dizal ɗauke yake da tankin mansa da janaretansa. Na lantarki kuwa daga wayar da ke bisa kansa yake jan wuta, galibi mai ƙarfin bolt 25,000, don haka ya fi saurin tashi, ya fi jan kaya a hawa, kuma kayan da ke lalacewa a cikinsa kaɗan ne. Idan ya taka birki, yakan mayar da wani ɓangare na wutar cikin waya. Babu hayaƙi a tasha. Sannan wutar ana iya samo ta daga ruwa ko iskar gas ko rana, ba sai an jira farashin dizal ba. Tsadarsa a farko take: turaku, wayoyi, tashoshin rarraba wuta. Shi ya sa ba ya biyan kansa sai a layin da jirage ke kai-komo ba ƙaƙƙautawa.

A watan Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon layin Legas zuwa Ibadan, mai kimanin kilomita 157, wanda kamfanin CCECC na Sin ya gina, ya ƙare a tashar Obafemi Awolowo da ke Moniya. Da dizal yake aiki, haka ma na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Jirgin lantarkin da talaka ke hawa a Legas shi ne Blue Line, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023. Sanin halin wutar ƙasa ya sa aka tanadar masa tasa hanyar samun wuta.

Abin lura shi ne, tsohon layin Legas zuwa Kano ta Jebba da Zungeru ya bi, kuma a garuruwan nan biyu akwai madatsun ruwa masu ba da lantarki, ga Kainji da Shiroro a jihar Neja. Ruwan yana nan a kan hanya. Matsalar ita ce wutar da ake rarraba wa ƙasa baki ɗaya ba ta cika wuce megawat dubu huɗu zuwa biyar ba, kuma babban layinta yakan faɗi.

Ga ɗan kasuwar Sabo, buƙata ta farko ita ce sabon dogo ya wuce Moniya ya haɗe da Abuja da Kaduna da Kano, har ya sadu da layin Maraɗi da ake ginawa. Ta biyu, a ware taragun dabbobi da na kayan gwari, don tumatir da albasa da shanu su daina kwana a titi. In kaya suka yawaita a kan dogo, lantarki zai biya kuɗinsa. Ya kamata shugabannin Hausawan Ibadan da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa baki tun yanzu, a gina ragowar layin da tanadin wayar lantarki a cikin tsarinsa, domin gyara daga baya ya fi tsada.