Kwalara, masai da ruwan sha a karkarar Jigawa ta Tsakiya

Shiyyar Jigawa ta Tsakiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai: Dutse, Birnin Kudu, Buji, Gwaram, Jahun, Kiyawa da Miga. Galibin mazaunanta manoma ne, kuma cututtukansu kan zo ne bisa lokutan shekara. Da bazara sanƙarau ake tsoro, amma damina ta fi muni, domin lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa kuma aikin gona ya yi yawa, a nan ne zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa suke shigowa gari.

Kwalara ƙwayar cuta ce da ke fita a cikin bayan gida, ta koma bakin wani ta hanyar ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. A ƙauye hanyar ba ta da nisa. Ruwan sama yana wanke ƙazantar bayan gari zuwa kududdufi da rijiyar da ba ta da murfi, manomin da ya yini a gona kuma ruwan da ya samu shi zai sha. Babba mai ƙarfi na iya rasa ransa cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki. A shekarar 2021 Hukumar NCDC ta ƙidaya sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

A watan Oktoban 2022, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta kawar da yin bahaya a fili a dukkan ƙananan hukumominta 27. Aiki ne na shekaru da hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jihar ta yi tare da UNICEF, inda ake sa al'umma ta haƙa masai da kanta, masu unguwanni da dagatai na sa ido. Nasara ce ta gaske. Sai dai takardar shaida ba ta riƙe bangon rami: a ƙasa mai yashi masai da ba a ɗaure bakinsa da siminti ba yakan rufta, kuma ambaliyar wannan shekarar ta rushe dubban gidaje a jihar. Magidancin da gidansa ya faɗi ɗaki yake fara tayarwa, masai ya jira.

Masana sun fi son a haƙa masai aƙalla mita 30 daga rijiya, a tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin, a wanke hannu da sabulu, ko da toka in babu. Idan gudawa ta fara, a jiƙa ƙullin ORS nan take. In ba a samu ba, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ana ba mara lafiya ana tafiya da shi asibiti. Manyan asibitoci irin su na Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu suna nan, amma da damina hanya kan yanke, saboda haka ɗakin shan magani na mazaɓa ne ke fara karɓar mara lafiya.

Ɗan kasuwar birni ma abin ya shafe shi, domin ganye da nono da tumatirin da ke shiga Dutse daga kasuwar Shuwarin daga waɗannan ƙauyuka suke fitowa.