Malaman zanen Nsukka da hanyar da ta biyo da su ta Zariya



Makon jiya muna dawowa daga lakca ni da abokaina, muka bi ta gaban sashen zane-zane. Ɗalibai na zaune a gindin bishiya, kowa da allonsa da burushi, wani malami yana zagayawa yana duba musu aiki. Ɗayanmu ya ce, "Iyaye su biya kuɗin makaranta, ɗa ya zo yana wasa da fenti." Muka kwashe da dariya. Malamin bai ji abin da aka faɗa ba, amma ya gane Hausa muke yi, sai ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Zariya. Ya miƙo min hannu, ya ce ai malamin da ya koyar da malaminsa a garinmu ya yi karatu. Wallahi kunya ta kama ni, don ban san kan zancen ba. Shi ya sa na zauna na bibiyi tarihin, ga abin da na samo.

Mutumin da ya fara koyar da zanen zamani a makarantun ƙasar nan shi ne Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882. Ba wanda ya koya masa da farko. Hotunan littattafai da mujallun Turawa yake kwaikwaya, yana aikin akawu a Legas, a lokacin da Turawan mulki ke ganin baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fito kamar a hoto ba. A 1920 ya tafi Landan da Faris ya yi karatu, ya dawo a 1922 yana bin makarantun Legas ɗaya bayan ɗaya yana koyarwa. Shi ya matsa wa gwamnati sai ta ƙaro malami, aka kawo wani Bature, Kenneth Murray, a 1927. Abin mamaki, ɗan ƙasa yana koyar da salon Turai, Bature kuma yana cewa yara su zana kasuwarsu da gonarsu da bukukuwan ƙauyensu. Cikin ɗaliban Murray aka sami Ben Enwonwu. To wannan ja-in-ja, ko salon Turai ko na gida, shi aka gada har Zariya.

A 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan aka mayar da shi Zariya, wurin da ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta can ce. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka riƙa kira 'yan tawayen Zariya. Akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke. Ba ƙin aji suka yi ba fa, ba su fasa taga ba. Suna yin aikin da malami ya ba su, su ci jarrabawa, in an yi hutu kowa ya koma garinsu ya nemo zanen kakanninsa ya haɗa da dabarar da ya koya. Ƙungiyar shekara uku kawai ta yi, ta watse a 1961 da suka gama karatu.

Galibinsu aikin koyarwa suka kama. Grillo, Musulmi ɗan Legas, ya daɗe yana shugabantar sashen zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba, an san shi da shuɗin launi. Onobrakpeya ya yi shekaru yana koyarwa a sakandaren St. Gregory's da ke Legas, a 1998 kuma ya fara taron horar da masu zane na lokacin hunturu a garinsu Agbarha-Otor. Nwoko ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya kuma shahara a tsara gine-gine. Abokin karatunsu Jimo Akolo, wanda ya yi kwalejin gwamnati ta Keffi, ya zana mahaya dawaki da makaɗan Arewa, daga baya ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya.

Wanda ya fi shafarmu mu na Nsukka shi ne Uche Okeke. An haife shi a 1933, asalinsa ɗan Nimo ne a jihar Anambra ta yau, amma a Kafanchan ya tashi. Can ya fara tara zane-zane da kayan tarihi, abin da ya zama cibiyar Asele da ya mayar Nimo daga baya. Yana da zanen da ya yi a 1961 mai suna Jumaa. Abin da ya nemo a gida shi ne uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Ku ɗauka kamar lallen da 'yan uwanmu mata ke zanawa ranar biki, siririn layi mai lanƙwasa, ana barin fili a tsakani. Mahaifiyarsa ta san wannan zane, a wurinta ya ƙara fahimtarsa. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, aka ba shi shugabancin sashen zane na nan Nsukka, ya shigar da uli cikin karatu, ya tura ɗalibai ƙauyuka su koya a wurin tsofaffin mata. Chike Aniakor, shi ma ɗalibin Zariya, suka yi aikin tare. A 1975 El Anatsui ya zo daga Gana ya kama koyarwa a sashen, mutumin da yau manyan gidajen tarihi na duniya ke rataya aikin da yake yi da murafen kwalabe.

Akwai wani ɓangare mai ɗaci da bai kamata mu tsallake ba. Obiora Udechukwu, ɗaya daga cikin manyan malaman da sashen nan ya taɓa yi, a Zariya ya fara karatun zane a 1965. Kashe-kashen 1966 ne suka sa ya baro Arewa, yaƙi ya biyo baya, sai 1972 ya gama digirinsa a Nsukka, ya zauna yana koyarwa. Kun ga ke nan hanyar da ta haɗa Zariya da Nsukka akwai ilimi a kanta, akwai kuma jini. In ɗan Arewa ya tsaya a ƙofar sashen nan, ya kamata ya san duka biyun.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutanen nan sun zauna a ƙasarmu, sun ga bangon gidajen birnin Zariya da maginanmu suka ƙawata, sun ga masallacin Juma'ar da Babban Gwani Mika'ilu ya gina tun ƙarni na 19, suka koyi cewa abin gida yana da daraja, suka tafi suka kafa makaranta a kan nasu. Mu kuma ga dagi, ga aska takwas a wuyan babbar riga, ga zayyanar allon sauka, ga sassaƙar ƙwarya, ga aikin dukawa, amma in yaro ya cika bayan littafinsa da zane sai a ce shashanci yake. Na san wasunmu na da damuwa ta addini kan zana abu mai rai, wannan kuwa a tambayi malamai. Sai dai duk abubuwan nan da na lissafa babu mai rai a cikinsu, kuma uli ɗin da Okeke ya ɗaukaka yawancinsa layi ne da siffa.

Ni dai ina da ƙanwa a gida da duk amaryar unguwa ke layi a wurinta don lalle, ba wanda ya taɓa ce mata ana karanta irin wannan a jami'a. Jiya na kira ta na faɗa mata. Na kuma koma wurin malamin nan na gaya masa abin da muka yi wa dariya, ya yi murmushi ya ce in zo ranar Alhamis da yamma in ga yadda ake haɗa launi. Duk wanda ba shi da lakca a lokacin, mu haɗu a bakin masallaci bayan la'asar mu tafi tare.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya mayar da mu gida lafiya.