Wa Ke Da Lungu? Waiwaye Kan Kula Da Hanya A Birnin Kano

Kwanakin baya muka yi jana'izar wani dattijo maƙwabcinmu a nan Sheshe. Da aka fito da makara daga soro, sai da aka sauke ta daga kafaɗa aka karkata ta kafin a wuce, domin babura huɗu ne jingine a bakin lungun, ga kuma tulin yashin wani mai gini ya cinye rabin hanya. Aka yi ta cigiyar masu baburan, ba wanda ya san su, wai sun shiga kasuwa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, shi ya sa na ce bari in waiwayi tarihi, in ga a hannun wa hanyar birnin nan take a da, kuma ina ta koma.

Mai karatu ya sani ba don mota aka yi lungunanmu ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, ma'aunin hanya shi ne jaki da mangalarsa, ko mahayi bisa doki. In wani ya ciyo hanya da katanga, ko ya sako indararonsa kan masu wucewa, maƙwabta su yi magana, in ta faskara a je ga mai unguwa, daga nan sai gaban alƙali.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, mota ta biyo baya. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953) En'e ta yi ƙarfi, tana da baitulmalinta da ma'aikatar ayyukanta, har aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki a 1931. An kasa birni fuska huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace da wakilinta, masu unguwanni na ƙarƙashinsa. Duba-gari na zagawa yana leƙa kwata da randa, ɗan doka na tsaye a mararraba. Kai, ko keke sai da lasisi, ana yankar masa ɗan ƙarfe a liƙa a jikinsa. Ba ina cewa zamanin daɗi ba ne. Dattawan da suka yi NEPU, wadda aka kafa a 1950, suna da labarin bulalar 'yan doka da ba ya daɗin ji. Amma abu guda ba a musu a kai: in aka tare lungu, kowa ya san ƙofar da zai buga, kuma mai ƙofar ya san wanda zai tuhume shi in ya yi sakaci.

To, daga 1967 da aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamna, sai iko ya fara hawa sama. Aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta. Yau cikin ganuwa rabe yake tsakanin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale. A takarda ba a rage musu komai ba, don tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da raɗa wa titi suna, har da lasisin keke da baro da amalanke. Sai dai kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha suka riƙa biyowa, kowa kuwa ya san mai riƙe da jaka shi ke da magana.

Saboda haka manyan al'amuran hanya duk daga gidan gwamnati suka fito. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina ta da siminti. Acaɓa da ta cika gari bayan matsin tattalin arziki na 1986, jiha ce ta kawo mata kishiya a 2005, lokacin Malam Ibrahim Shekarau, wato A Daidaita Sahu, da nufin ɗaukar mata. Jiha ce ta kafa KAROTA a 2012, ita ce kuma ta hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Babban titi ya sami mai tsaro ke nan. A nawa ganin, a nan lungu ya shiga uku, domin wanda ya ji tsoron ajiye abin hawansa a bakin kwalta, ƙofar gidan talaka yake kawo shi.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Landan akwai kekunan haya da ake buɗewa da waya, in mutum ya sauka ya yar a inda ya ga dama, makafi da masu keken guragu su rasa wurin bi. A 2024 ƙaramar hukumar Brent ta ba kamfanin Lime wa'adi, ko ya gyara ko ya kwashe kekunansa, kamfanin ya zo aka daidaita. Abin lura, ƙaramar hukuma ce ta yi tsawar.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko hukuncin zai iso bakin lungunmu, ina zuba ido. Ranar dai da muka dawo daga maƙabarta baburan nan huɗu sun tafi, wasu uku sun maye gurbinsu, yashin kuwa sai da ya yi wata biyu a wurin.