Baƙon da Ba Shi da Kamfani: Izinin Aiki da Zangon Tamale

Wanda ya shiga kasuwar Aboabo a Tamale da hantsi zai ji Dagbanci ne ke da gari, amma sau da yawa Hausa ce ke ƙulla ciniki tsakanin waɗanda ba sa jin yaren juna. Ga mai albasa da ya biyo mota tun daga Galmi ta Nijar, ga mahauci yana kasa nama a kan tebur, ga ɗan dako yana sauke buhun masara. Wasunsu 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, wasu kuwa bara suka zo. A kan waɗannan na biyun nake son a duba dokar izinin aiki ta Ghana: shin tana ganinsu kuwa?

Zaman baƙi a wannan yanki ya girmi ita kanta Ghana. Fataucin goro ne ya kai Hausawa Salaga, yaƙin basasar 1892 ya warwatsa su, sannan da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar Arewa Tamale a 1907, zango ya kafu a nan. A wancan zamani maigida shi ne takardar baƙo. Shi ke sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa idan rigima ta tashi.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 aka ga iyakar wannan tsari. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya tattara ya bar ƙasar. Ba a tambayi wa ya yi laifi ba, takarda kawai aka nema. Mutane da yawa da aka haifa a zanguna, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka koma gida. Korar ta 1983 ta faru ne duk da yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. An ƙara mata batun zama a 1986, da na kafa sana'a a 1990, sai dai waɗannan biyun sun fi ƙarfi a takarda.

Yanzu dokar shige da fice ta 2000, mai lamba 573, ita ke aiki. A tsarinta, mai ɗaukar aiki ne ke nema wa baƙo izini. Ana buƙatar wasiƙar kamfani, da takardun rajistarsa, da shaidar biyan haraji, da takardun makarantar ma'aikacin, da sakamakon gwajin lafiya, da shaidar 'yan sandan ƙasarsu. Ga kuma katin shaidar baƙi, wanda ake lissafa kuɗinsa da dala, ake sabunta shi duk shekara. Hedikwatar hukumar shige da fice tana Akra, wadda Hausawan can ke kira Ankara, tafiyar kilomita ɗari shida da wani abu. Dokar zuba jari ta 2013, mai lamba 865, ta zo da nata sharaɗin: baƙon da ke son saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki ƙwararrun 'yan Ghana 20. Ta kuma keɓe wa 'yan ƙasa cinikin cikin kasuwa da talla da shagon aski. Da ita ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana ta kafa hujja lokacin da aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020.

Wannan riga an ɗinka ta ne daidai jikin injiniyan kamfanin zinariya, ko likitan da zai yi aiki a asibitin koyarwa na Tamale. Shi yana da ofishin da zai yi masa zirga-zirga. Mahauci fa, wa zai rubuta masa wasiƙa? Takardar wace makaranta zai nuna, shi da ya koyi fawa a hannun ubansa? Ba a hana shi izini ba, ƙofar nema ce babu. Sai ya zauna haka nan, ya zama abin tatsa ga duk mai neman na goro a hanya, gwamnati kuma ba ta san da shi ba balle ta karɓi harajinsa.

Ban raina tsoron ɗan kasuwar Ghana ba, jarinsa ƙarami ne, bashin banki kuma da tsada. Batun tsaro ma gaskiya ne, tunda iyakar Paga na kallon Burkina Faso, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a. Amma wannan hujja tana goyon bayan sauƙaƙawa ne, domin mutumin da aka rubuta sunansa da unguwarsa da sana'arsa ya fi sauƙin sa ido a kai.

Idan ana maganar sauƙaƙawa, akan tsaya ga mayar da fom intanet. Hakan zai rage wa kamfanoni wahala, ba zai taɓa Aboabo ba. A ganina abin da ake buƙata shi ne ƙaramin izini na mai sana'ar kansa, wanda mutum zai nema da bakinsa, a fara shi a gama shi a Tamale, a biya da sidi, ya kuma yi shekara biyu ko uku kafin sabuntawa. Sarkin zango ko sarkin fawa na iya tsayawa shaida, wato a mayar da aikin maigida na da cikin doka. Akwai haɗarin shaidar ta koma son kai ko ciniki, don haka dole a bar wata hanya, kamar rasit ɗin harajin kasuwa ko takardar haya.

Lokaci kuma ya matsa. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin su zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Mai albasar Galmi da ke sauke kaya a Tamale yau, da wannan sanarwar kawai yake dogara.