Matar Soja

A lakwal an koya mana yaƙin Aljeriya, 1954 zuwa 1962, amma ba wanda ya ambaci matan da aka bari a gida. Kakata na cikinsu. Da Faransa ta tafi da kakanmu, goyo ne a bayanta, ga wasu biyu a ƙasa. Wasiƙa sai ta yi watanni, in ta zo kuma sai an nemo ɗan lakwal ya karanta mata.

Da daka da sai da fura ta riƙe gidan a Damagaram. Ya dawo da lambobi a ƙirji, sai dai dokar Faransa ta 1959 ta tsayar da fanshonsu wuri guda, kaya kuwa na ta tsada. Har ya rasu, da kuɗin furar nan ake cefane. Allah ya jiƙan su. Hotonsa da kaki na rataye a ɗaki, nata ko ɗaya ba mu da shi.