Yadda Jinin Mutum Ya Zama Allurar Ciwon Muƙamuƙi

Ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki a hankali. Abin da ka ji yana zamewa gaba shi ne kan ƙashin muƙamuƙi. Tsakaninsa da ƙoƙon kai akwai wani ɗan faifai mai taushi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Gaɓa ce da ba ta hutu: magana, tauna, hamma, har haɗiyar yawu da ita ake yi. Idan guringuntsinta ya cinye, sai a fara jin ƙaras-ƙaras wajen tauna, ciwo ya bi kunne da gefen kai, da safe kuma baki ya ƙi buɗuwa sosai.

A Kasuwar Singa ta Kano gaɓar nan na shan aiki. Mai shago ya wuni yana ciniki, waya a kunne, goro a kunci. Ɗan dako in zai sunkuci buhun sukari mai kilo 50 sai ya cije haƙora. Ga rake, ga aya, ga kilishi, wani kuma turamensa na gefe ɗaya sun zube, shekara da shekaru yana tauna da ɗaya gefen. In ciwon ya taso, akasari a ce kunne ne, ko sanyi. A da wanzami ake kira ya kafa ƙaho ya zuƙe "mataccen jini". Daga baya aka koma kemis ɗin Fagge da Sabon Gari ana sayen diclofenac, ana sha har ya taɓa ciki da ƙoda.

Likitocin Turai da Amurka ma sun daɗe suna lalube. A 1934 wani likitan kunne a St. Louis, James Costen, ya bayyana marasa lafiya 11 da ke kukan kunne da ciwon kai alhali muƙamuƙi ne tushen matsalar. Ya ɗora laifin kan zubewar turame, bayanin da aka gano daga baya bai cika ba, amma shi ya juyo da hankali kan gaɓar. Daga 1953 aka fara yi mata allurar kotizon. Tana kwantar da ciwo, sai dai in aka yawaita ta takan ƙara cinye guringuntsin. A 1975 Masatoshi Ohnishi na Japan ya leƙa cikin gaɓar da siririn madubi. Sai kuma babban kuskure: a shekarun 1980 kamfanin Vitek na Amurka ya ƙera faifan roba da aka dasa wa dubban mutane, robar ta marmashe a ciki, jiki ya yi ta yaƙi da ita har ƙashi ya zaizaye, hukumar kula da magunguna ta FDA ta yi gargaɗi a 1990 aka janye shi. Wannan masifa ta koya wa likitoci taka-tsantsan da wuƙa. Shi ya sa da Dorrit Nitzan ta bayyana a 1991 cewa allura biyu da ruwan gishiri sun isa a wanke gaɓar, baki ya buɗe, aka karɓi dabarar hannu bibbiyu.

Labarin jinin kuwa daga wani gefe ya taso. A 1882 Giulio Bizzozero na Italiya ya nuna cewa wasu ƙananan ƙwayoyi, filatilet, su ke taruwa a bakin rauni su toshe shi. Sama da shekara 90 ana ɗaukar aikinsu ke nan, har 1974 da Russell Ross da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka gano cewa suna sakin sinadaran da ke sa tsoka da jijiya su tsiro. Wanda ya kai wannan ilimi ɗakin tiyata da ƙarfi likitan muƙamuƙi ne, Robert Marx na Jami'ar Miami. A 1998 ya wallafa aikinsa kan mutum 88 da aka yi wa dashen ƙashi a muƙamuƙin ƙasa, inda ya ga ƙashin ya fi saurin kamawa idan an gauraya shi da ruwan jinin mai shi da aka tattara filatilet a ciki. Wannan ruwa shi ake kira PRP.

Haɗa shi ba wuya. A ɗebi jini kaɗan a hannu, a sa a kwalba cikin na'ura mai juyawa da gudu na 'yan mintuna. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwa mai launin ɗorawa ya taso, kamar yadda gasara ke kwanciya ruwa ya hau sama. Ɓangaren ruwan da ke dab da jan shi ake zuƙa, domin nan filatilet suka fi taruwa, ninki uku zuwa biyar na yadda suke a jini. Sai a kashe wurin, a tsira allura a gaban kunne.

Shahararsa ta zo ta hanyar 'yan wasa. A 2009 aka yi ta yayata cewa Hines Ward na ƙwallon Amurka da Tiger Woods sun yi allurar, sai kasuwarta ta buɗe tun kafin bincike ya kammala. Daga gwiwa da kafaɗa ta dawo gida muƙamuƙi. A 2015 Ayman Hegab na Jami'ar Azhar a Masar, da wasu likitoci a Erzurum ta Turkiyya, suka ba da rahoton raguwar ciwo da ƙarin buɗuwar baki. Amma mutanen da aka gwada a kansu ba su da yawa, kowane asibiti kuma da irin haɗinsa. Babban gwajin da aka yi a Ostireliya kan gwiwar mutum 288, wanda ya fito a 2021, bai ga PRP ya fi allurar ruwan gishiri ba. Gwiwa daban, muƙamuƙi daban, amma mai hankali ba zai kau da kai daga wannan sakamako ba.

A Arewa ɗaya daga cikin abubuwan da ke cin lokacin likitocin muƙamuƙi shi ne ƙullewar baki bayan faɗuwa, ƙurji ko cutar noma mai cinye baki da fuska. Farfesa Adekeye ya rubuta kan mutum 76 masu wannan larura daga Kaduna a 1983, Sakkwato kuma ta samu asibitin cutar noma a 1999. A Kano, Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Game da PRP kuwa, na'urar tace jinin tana nan a kusan kowane ɗakin gwaji, wanda hakan sauƙi ne kuma haɗari ne, don duk mai sirinji zai iya cewa ya iya, alhali jijiyar da ke motsa fuska ta gaban kunne ta ratsa.

A ganina allurar na da gurbinta, amma a bayan layi. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi da abinci mai laushi, gashi da ruwan ɗumi, motsa muƙamuƙi yadda aka koya musu, rage goro da cingam, da robar baki ga mai cizon haƙora cikin barci. In waɗannan sun gaza, hoto kuma ya nuna gaɓar ta lalace, to a tattauna PRP da ƙwararre. Tana iya rage ciwo na wasu watanni, amma har yau ba a tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya cinye ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa ɗungurungum, riƙe kuɗinka ka nemi ra'ayin likita na biyu.