Kwamfutar ƙwararru

kwamfutar ƙwararru (suna, mace, jam'i: kwamfutocin ƙwararru). Kwamfuta mai ƙarfi da ake ƙera wa injiniyoyi, masu zanen gini da masu haɗa fim. A ido kamar kwamfutar tebur take, bambancin yana ciki. Ma'adanarta ta wucin gadi, nau'in ECC, kan gano ƙaramin kuskure ta gyara da kanta, don haka takan kwana ta wuni tana lissafi ba ta cije ba. Galibi da injin Xeon ko Threadripper take zuwa, da katin hoto da aka gwada shi da manhajoji irin su SolidWorks. Kamfanin Sun ya yi suna da irinta a shekarun 1980. Akwai ta da tsada, kuma ga mai buga wasiƙa kawai, sayenta ɓarnar kuɗi ce.